Shagga a Jidda ko gini a Kano? 'Yan uwa a ba ni shawara

Abu Rayyan:
Salamu alaikum jama'ar gida, da fatan an tashi lafiya. Admin a yi min afuwa ba talla na kawo ba, shawara nake nema kuma maganar za ta ɗan yi tsawo. Ni dai a unguwar Karantina ta Jidda aka haife ni, nan na tashi nan na yi aure, har ƙarshen 2021 da aka fara hadad, wato rushe tsofaffin unguwanni, aka zo aka fesa mana ikhla, wato a tashi, da jan fenti a bango. Daga lokacin zuwa yau sau uku muna tashi, Bawadi, Safa, yanzu muna Sanabil, kuma ko wace shekara sai mai gida ya ce ga ƙari, shaggar, wato fulat ɗin, da na kama riyal 19,000 a shekara yanzu 27,000 yake nema in za mu sabunta a Ejar, shafin rajistar haya na gwamnati. Wallahi na gaji da ɗaure katifa a saman motar kaya. Na tara abin da bai taka kara ya karya ba, da nawa da gwal ɗin maman yara da abin da Hajiyarmu ta ce za ta ƙara ya kama riyal 230,000. Hanya uku ce a gabana. Ko in jira sabuwar dokar nan da aka ce a Janairun 2026 ajnabi zai iya mallakar gida in sayi shaggar tamlik, wato ta mallaka, da sunana, na ga wata ɗaki huɗu wajen Harazat ana cewa 450,000. Ko in saya da sunan ɗan goggona shi yana da jinsiyya, wato ɗan ƙasar Saudiyya ne, kuma banki za su ba shi bashi. Ko kuma in tura kuɗin Kano in gina filin da mahaifinmu ya bari a Ɗorayi, duk da dai ni sau biyu na taɓa zuwa Kano a rayuwata. Wanda ya san kan abin don Allah ya yi magana

Maman Hanan:
Wa alaikumussalam. Yaya ai wannan ba ta buƙatar shawara, Kano mana. Kowa ya bar gida gida ya bar shi. Kuɗin nan in ka canza yau ya haura naira miliyan 80, tunda filin ma kana da shi wallahi gida za ka yi na gani na faɗa har da shaguna biyu a waje kana karɓar haya, a nan kuwa rabin shagga ce a hawa na uku ko tsakar gidan da za ka ɗaure rago babu

Sadiƙ Aƙar:
Abu Rayyan ka yi min magana ta gefe, ina da shagga uku a Harazat da ɗaya a Taisir duk sababbi da sakki, wato takardar mallaka, na intanet, farashin ma bai kai wanda ka faɗa ba

Admin (Baban Zainab):
Sadiƙ mun fa yi magana kan wannan. Mutum ya ce shawara yake nema, ka ba shi shawara a nan kowa ya amfana, talla ranar Alhamis ne

Sadiƙ Aƙar:
Afuwan ranka ya daɗe, sabo ne 😂 To bari in yi ta shawara. Na farko 450,000 ɗin nan ba ita ce kuɗin ba, mutanenmu nan suke faɗawa rami. Akwai harajin tasarrufat na cinikin gida kashi 5, shi ne 22,500. Akwai sa'ayi, wato la'adar ofishin dillali, kashi 2.5, shi ne 11,250. Ka ga tun ba ka sayi ko labule ba 33,750 ta tafi. Sannan sabuwar dokar ta ce za a iya ɗora wa ajnabi wani kuɗi na daban da bai wuce kashi 5 ba. Ga mukayyif, wato AC, ga kicin don yawancin sababbin nan bango kawai za a ba ka da famfo. Ni a lissafina ka ajiye 500,000 a ranka ba 450 ba

Baban Zara Riyad:
Sadiƙ harajin kashi 5 ɗin ai a kan mai sayarwa yake ba mai saye ba

Sadiƙ Aƙar:
A takarda haka ne Alhaji, hukuma mai sayarwa ta sani. Amma shekara nawa ina wannan aikin, a Jidda mai gida zai ce maka farashi kaza safi, ma'ana abin da zai shiga aljihunsa ke nan, haraji da sa'ayi kai ka sani. In ka ƙi akwai wani a bayanka. Kuma gara yanzu, kafin Oktoban 2020 kashi 15 ne fa na VAT ake ɗorawa

Hajiya Ummu Faisal:
Ɗana Abu Rayyan, jikata ce take rubuta min don idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan. Ni ba ruwana da Kano ko Jidda duk inda Allah ya ajiye mutum nan ne, amma hanya ta biyu da ka faɗa ita ta sa na ce a ɗauko min waya. Marigayi maigidana ya sayi gida a Sabil tun ina goyon Faisal, gida irin na gargajiya ɗaki biyar da tsakar gida, kuɗin ɗinkinsa ne da na abincin da nake sayarwa lokacin aikin hajji, kwabo kwabo muka tara. Da yake mu iƙama gare mu, wato takardar zaman baƙi, ba 'yan ƙasa ba ne, sai aka rubuta da sunan amininsa, mutumin kirki wallahi, tare suka yi karatu a zaure ɗaya, a kwano ɗaya suke cin tuwo, ko sau ɗaya bai taɓa ɗaga mana ido ba a kan gidan nan har ya koma ga Allah. Maigidana ya bi shi bayan shekara huɗu. Muka ci gaba da zama, na aurar da 'ya'ya shida a gidan, babu wanda ya taɓa cewa gidan wane ne don kowa a unguwa ya san namu ne. Da aka zo rusawa aka ce mai suna a takarda shi zai shigar da neman ta'awid, wato diyya, sai ga shi mai sunan yana kabari, magana ta koma hannun magada su goma sha ɗaya daga mata uku. Manyan sun san zancen suka ce na Baba Ɗanjuma ne a ba iyalinsa, ƙananan da aka haifa daga baya suka ce su ba su taɓa ji ba, ina shaida. Shaidun biyu duk sun rasu. Ba zan ce sun ci amana ba don su ma abin da suka gani a rubuce suka bi. Daga ƙarshe manyan suka cire daga rabonsu suka kawo min, Allah ya saka musu, amma abin da na karɓa bai biya min hayar shekara biyu ba. Yau ina ɗaki ɗaya a wajen Faisal, da ni da akwatina. Ɗan goggonka ba zai cuce ka ba in sha Allahu, amma shi ma ba shi da tabbacin kwana nawa ya rage masa, kuma ba ka san wa zai haifa ba

Maman Hanan:
Allah sarki Inna 😭 Allah ya ji ƙan Baba

Abu Rayyan:
Innalillahi. Hajiya Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, wallahi jikina ya yi sanyi. Na san gidan nan ma, muna yara ana aiken mu sayen waina

Nawaf Hausawi:
Allah ya jiƙansa ya Khala. Ni ma zan ƙara wani abu, ni ina da jinsiyya kuma kawuna ya taɓa neman in yi masa haka na ƙi, har yau yana fushi da ni. Mutane ba su gane ba, ɗan ƙasa gidansa na farko daula ce take ɗauke masa harajin kashi 5 har zuwa riyal miliyan 1, da tallafin Sakani, shirin gidaje na gwamnati, wannan sau ɗaya ne a rayuwa. In ɗan goggonka ya ƙona damarsa a kanka gobe in ya tashi sayen nasa fa? Kuma bashin a kan albashinsa za a rubuta shekara 20 ko fiye, wata ɗaya ka makara shi banki za su kira ba kai ba, ko mota ya je ɗauka za su ga yana da bashi a kansa. Yanzu yana jin kunyarka zai ce ba komai, matarsa ce za ta fara magana bayan shekara biyu, khalas zumunci ya lalace

Malam Bashir Makkawi:
Nawaf ya faɗi gaskiya. Mu a Makka mun riga ku shan wannan ruwan, ku sai 2021 kuka san hadad, mu tun faɗaɗa Harami ta wajen Shamiyya a 2008 muke gani, ga Jabal Umar, ga titin Masar da ya taso daga wajen Rusaifa ya ratsa unguwannin da mutanenmu suka fi yawa ya nufi Harami. Wanda yake da sakki an biya shi ƙasa da gini, wasu ma sun samu abin da ko a mafarki ba su zata ba suka koma Awali da Batha Ƙuraish. Wanda ba shi da sakki kuɗin gini kawai, wato ankad, shi ma in ɗan ƙasa ne. Mai iƙama da ya saya da takardar hannu da shaidu biyu kuwa sai dai ya kwashe ƙofa da taga da mukayyif ya nemi mota. Iyayenmu ba wauta suka yi ba, zamaninsu haka ake ciniki, kalma ɗaya a gaban liman da mai unguwa ta isa. Wannan kasuwar ce ta mutu. Yanzu ifragi, wato mayar da gida sunan mai saye, ma ta waya ake yi, sakki yana cikin kwamfutar ma'aikatar shari'a, in sunanka ba ya ciki to ba ka da gida ko shekara 40 ka yi a ciki

Ɗan Baiwa:
Wato dai izala ba ta bar kowa ba 😂

Malam Bashir Makkawi:
Wace daga ciki, ta baladiyya mai rusa gidaje ko ta Jos?

Ɗan Baiwa:
Malam ni ban faɗa ba kai ka faɗa 🤣🤣

Admin (Baban Zainab):
Ku dawo kan magana don Allah kar a ɓallo mana wata

Maman Hanan:
To ai duk maganata kuke ƙarfafawa. Ƙasar da sai an yi doka ta musamman kafin ka sayi ɗakin kwana ai ba taka ba ce. Yaya ka yi lissafi, mata da yara huɗu, rusum ɗin murafiƙin, kuɗin da ake biya kan iyalin baƙo, 400 kowane kai duk wata, 2,000 ke nan a wata, 24,000 a shekara kafin ka sayi ko burodi, ga haya ga makaranta. Kuma shaggar nan ba za ta ba ka iƙama ba, ranar da kamfani suka ce sun sallame ka kuma ba ka samu inda za ka koma ba khuruj niha'i, wato bizar barin ƙasa gaba ɗaya, za a buga maka da kai da sakkinka. Ni maigidana tun 2019 ya gama namu a Rijiyar Zaki, ko yau aka ce mu tafi makulli kawai zan ɗauka

Sadiƙ Aƙar:
Akwai iƙamar mai gida fa Hajiya

Maman Hanan:
Ta gidan riyal miliyan 4? Sadiƙ kai ma dai, mutum yana maganar 230,000 kana kawo masa iƙama mumayyaza, ta musamman ta masu kuɗi. Ko ta 800,000 ɗin ma wa ya gani a cikinmu

Garba Direba:
Maman Hanan ki yi haƙuri ke Allah ya taimake ki mijinki yana zuwa gida duk shekara yana tsayawa a kan aikinsa. Ni shekara bakwai ina tura kuɗi, duk wata sai an turo min hoto ga bulo ga linta ga an kai rufi, har fenti na zaɓa ta waya wallahi ruwan madara na ce a yi. Ranar da na sauka na ce a kai ni sai aka fara yau gobe, ashe hoton gidan maƙoci ake turo min, nawa ko ɗauri bai kai ba ciyawa ta fi ni tsawo. Kuma ba bare ba ne ya yi min, wanda muka sha nono ɗaya ne, tsohuwa ta ce in na kai shi hukuma ba ta yafe ba. To ina zan kai kuka. Abu Rayyan da sau biyu ya taɓa zuwa Kano wa zai tsaya masa? Shi ko farashin yashi bai sani ba, buhun siminti ya kai 10,000 za a ce masa 15 ya tura yana godiya

Maman Hanan:
Wannan kuma halin mutum ne ba laifin Kano ba

Garba Direba:
Na Hajiya ma ai ba laifin Jidda ba ne. Kuma in rusau ne ko can an yi, 2023 ba a daɗe da rantsar da gwamna ba katafila ta shiga shagunan filin Idi da ginin Daula, masu takarda a hannu suna kallo

Baban Zara Riyad:
Wani abin da ba a duba ba shi ne kuɗin kansa. Riyal tana ɗaure da dala a 3.75 shekara da shekaru, naira kuwa kun ga abin da ya same ta daga tsakiyar 2023. Wanda ya gina gida a Kano da riyal ɗinsa a 2019 in ya sayar yau zai ga miliyoyi sun ninka ya yi murna, amma ya mayar da su riyal ya gani ko sun dawo yadda ya tura. In gidan zama ne za ka shiga da iyalinka ba matsala, ba ruwanka da canji. In kuwa ajiyar dukiya ce ko haya kake hange to hayar shekara ta gida a Ɗorayi ba za ta biya maka wata uku a Sanabil ba

Usman Mai Wurno:
Salam ya jama'a. Ni ba na yawan magana amma wannan ta taɓa ni. Mu mutanen Sudan tunaninmu ɗaya da na Maman Hanan, duk wanda ya zo ci-rani burinsa ya gina a gida. Shekara 16 ina aiki a Jidda, ban taɓa sayen kujera mai kyau a nan ba ina cewa ai zaman wucin gadi ne, komai Haj Yusuf nake turawa, hawa biyu na yi na gama a 2022. Azumin 2023 yaƙi ya tashi, iyalina suka fita da kayan jikinsu zuwa Madani, daga can ma aka sake gudu. Da aka samu wanda ya je ya duba bana, bango yana nan alhamdu lillah amma ko wayar wuta an zare daga cikin bango, ƙofofi, tagogi, tankin ruwa, babu. Ba ina cewa kar ka gina a Kano ba ne, Allah ya tsare Najeriya. Ina cewa ne kalmar nan ta gida ya fi aminci ni na daina faɗinta da ƙarfi

Hajiya Ummu Faisal:
Allah ya mayar maka da alheri ɗana, ya zaunar da ƙasarku lafiya

Usman Mai Wurno:
Amin ya Hajja

Ɗan Baiwa:
To ni tambayata ma, farashin nan ba zai sauko ba ne? Ni gani nake a jira. Ko'ina ka duba a arewacin Jidda gini ake, Abhur, Hamdaniyya, alluna ko'ina na sayarwa ne na sayarwa ne, wa zai saye su duka

Baban Zara Riyad:
Mu nan Riyad abin ya kai inda sai da hukuma ta sa baki, watan Satumban 2025 aka hana ƙarin haya na shekara biyar, kuma harajin filayen da aka killace ba a gina ba da yake kashi 2.5 yanzu zai iya kaiwa kashi 10 a shekara. Na ga masu filaye sun fara sakkowa da kai, wanda da ko waya ba ya ɗauka yanzu shi yake kiran dillali. In aka matsa a Jidda haka to mai haƙuri zai ci riba

Sadiƙ Aƙar:
Alhaji daskarewar haya Riyad ce kawai ba ta iso mu ba tukuna. Kuma tun ina yaron ofis nake jin za ta sauko za ta sauko. Abin da nake gani da idona shi ne kasuwar ta rabu biyu, manyan filla na arewa suna daɗewa ba a taya ba mai su yana rage wa, amma ƙaramar shagga ta mai ƙaramin ƙarfi a kudu da gabas ba ta kwana, saboda duk mutanen Gulail da Bitrumin da Kandara da Nuzla da aka tasa nan suka kwararo. Ga shi kuma za a buɗe wa ajnabi ƙofa. Ka ce min ta ina za ta sauko

Ɗan Baiwa:
Dillali dai ba zai taɓa cewa a jira ba, kamar ka tambayi mai aski ne ko sumarka ta isa aski

Sadiƙ Aƙar:
😂 na karɓa. Amma ka tambayi Abu Rayyan jiran da ya yi daga 19 zuwa 27 nawa ya ci masa

Malam Bashir Makkawi:
Kar a ruɗe da dokar nan kuma a ɗauka ko'ina ne. Wurare za a ware, kuma Makka da Madina hukuncinsu daban. Mai iƙama halastacciya an ba shi damar gida ɗaya na zama, kuma wannan ma ba sabon abu ba ne gaba ɗaya, tsohuwar dokar ma tana ba da dama in ka samu izinin ma'aikatar cikin gida, mutanenmu ne ba sa nema saboda an saba da bin ta bayan gida. Ni shawarata kar ka ba kowa arbun, wato kafin alƙalami, sai ka tabbatar cewa wannan shaggar da wannan unguwar za a iya yi maka ifragi da lambar iƙamarka. In ofis ya ce ka biya yanzu a rubuta da sunan wani daga baya a juya maka, tashi ka kama gabanka

Ummu Sultan:
Ni duk ban ji wanda ya yi maganar cikon kuɗin ba. Yana da 230 ana neman 500, sauran daga ina? In banki ne ku ji tsoron Allah, riba ce, sunan murabaha, wato ciniki na halal, kawai aka sa

Malam Bashir Makkawi:
Ummu Sultan wannan babi ne mai zaman kansa, malamai sun yi magana kuma akwai bambanci tsakanin banki ya mallaki gidan ya sayar maka da riba sananniya da kuma ya ba ka kuɗi ka dawo da ƙari. Ya kai takardar wajen malamin da ya yarda da shi ya karanta masa kafin ya sa hannu, kar mu yanke a nan

Abu Rayyan:
Cikon dama ƙanena ne zai shigo, shi ma haya yake a Safa, muna tunanin mu haɗa mu zauna tare da Hajiya tunda ɗaki huɗu ne, abin da ya rage kamfani sun ce za su ba ni daga haƙƙina na ƙarshen aiki

Hajiya Ummu Faisal:
To ku rubuta. Kai da ƙanenka ku rubuta kowa nawa ya sa, ku kai inda hukuma za ta buga hatimi, ba takardar cikin akwati ba. Kar ka ce kunya, mu kunya ce ta kai mu inda muke

Maman Hanan:
Mata biyu a kicin ɗaya kuma, Yaya ka tambayi maman Rayyan kuwa? 🤐

Garba Direba:
Hhhhh yanzu aka zo wajen

Injiniya Auwal:
Na makara ina wurin aiki. Abu Rayyan ni ba zan ce maka saya ko kar ka saya ba, amma in har Harazat ce to ka san gabashin titin Haramain hanyar ruwa ce daga duwatsu, waɗanda suka ga Larabar nan ta Nuwamban 2009 a Guwaiza ba sai an ba su labari ba, mutum sama da 100 suka tafi, motoci a kan juna kamar an zuba ashana. An yi madatsai da magudanai bayan nan gaskiya an yi aiki, amma ruwan Nuwamban 2022 ma ya nuna wasu titunan har yanzu sai a hankali. Don haka ka duba ginin yana kan tudu ne ko cikin kwari, ka tambayi mai kanti na kusa ba mai ofis ba, shi zai gaya maka inda ruwa ya tsaya. Ka tambaya ruwan sha na famfon gari ne ko sai an kira tankar ruwa, magudanar bayi an haɗa da ta gari ko bayyara ce, wato rami, da za ku riƙa haɗa kuɗin kwashewa kuna faɗa da maƙota. Sannan gine-ginen tamlik ɗin nan da aka yi da gaggawa bayan hadad da yawansu kwalliya ce, jibis da fitilu masu launi a silin, ka shiga ka ce masha Allah, bayan damina ɗaya bango ya fara kuka. Ka nemi shahadar kammala gini, ka nemi takardar inshorar ɓoyayyen aibi ta shekara 10 da aka wajabta wa sababbin gine-gine, ka ga sakkin shaggar ita kaɗai an fitar da shi ba na ginin gaba ɗaya ba, mita ta wuta taka ce kai kaɗai. In mulhak ne na saman rufi ka ninka bincike, zafi da yoyo duk a kanka suke ƙarewa

Sadiƙ Aƙar:
Injiniya ka kashe min kasuwa 😭 amma wallahi gaskiya ce. Ku ƙara da wannan, duk dillalin da zai nuna maka gida ka ce ya nuna maka lasisin Fal, na dillancin gidaje da hukuma ke bayarwa, in ya fara kame-kame ka bar shi. Ni nawa yana nan

Nawaf Hausawi:
Kuma in a kan taswira ne ba a gama ginin ba ka tabbata yana ƙarƙashin Wafi, tsarin hukuma mai kula da irin wannan ciniki, kar ka zuba kuɗi a asusun mutum

Maman Hanan:
Ni dai har yanzu ina kan bakana. Ko ka saya a nan kar ka bar filin Ɗorayi haka, ka kewaye shi ka sa ƙofa ka nemi takardarsa, fili ba mai shi a kusa wata rana za ka je ka tarar da wani ya yi masallaci a kai, kuma ka isa ka ce a rushe

Garba Direba:
Wannan kam na yarda da ke. Amma ya je da kansa

Abu Rayyan:
Jama'a na gode Allah ya bar zumunci, ban zaci za a yi min wannan karamci ba. Maganar ɗan goggo na ajiye ta, dama shi ma na lura tun da na faɗa masa yake amsa min da in sha Allah mai sanyi. Na karanta wa Hajiyarmu duk abin da kuka rubuta, da na zo kan maganar Kano ta ce ita shekara 51 rabonta da can, ƙawayenta duk suna Ma'ala ko maƙabartar Jidda, in mun ga dama mu tafi ita a bar ta a nan. To kun ji. Filin zan yi yadda Maman Hanan ta ce, bayan sallah in Allah ya kai mu zan je da kaina in ga ko ma yana nan. Maganar kicin kuma ba a gama ba, an ce min za a yi tunani. Injiniya in kana da sarari ranar Asabar bayan la'asar mu je ka duba min ta Harazat ɗin, ba arbun ba komai kallo kawai

Injiniya Auwal:
Ba damuwa, ka biyo ta Kilo 11 ka ɗauke ni. Ka ce wa mai ofis ya buɗe ruwa tun safe ya bar mu mu hau rufi mu leƙa tanki, in ya ce makullin sama ba ya hannunsa mu ɗaga zuwa wata Asabar ɗin

Sadiƙ Aƙar:
In kun gama ku biyo ta Taisir ku ga tawa mana, hanya ɗaya ce

Admin (Baban Zainab):
Sadiƙ.